GCC 14 ya ƙi haɗa tsohuwar manhajarmu ta inbata, yana cewa "implicit declaration of function"

maisola_kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Masana C, ku taimaka min.

A wurin da nake aiki muna haɗa wa mutane sola. Akwai wata 'yar manhaja da wanda ya riga ni a wurin ya rubuta da C, ya bar aikin tun kafin in zo. Aikinta ba yawa: ta buɗe /dev/ttyUSB0, ta tambayi inbata ƙarfin batir, ta rubuta a fayil, in batir ya yi ƙasa ta kaɗa ƙararrawa. Shekara da shekaru tana kan wata 'yar ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi 3, mai tsohon Raspbian Buster, a wani shagon magani da ke ajiye allurai a firji.

To memorin ya ƙone. Oga ya sayo Pi 4, na sa masa sabon Raspberry Pi OS mai bit 64, wanda aka gina a kan Debian 13. Na kwafo kod ɗin yadda yake, ko waƙafi ban taɓa ba, na buga `make`, sai ga wannan:

```
logger.c:41:15: error: implicit declaration of function 'strdup'
logger.c:41:13: error: assignment to 'char *' from 'int' makes pointer from integer without a cast
serial.c:27:5: error: implicit declaration of function 'cfmakeraw'
main.c:58:9: error: implicit declaration of function 'duba_iyaka'
main.c:63:9: error: implicit declaration of function 'usleep'
```

Abin da ya ɗaure min kai shi ne akwai `#include <string.h>` a saman logger.c, akwai `<termios.h>` a serial.c, akwai `<unistd.h>` a main.c. Na duba da idona. Shi kuma `duba_iyaka` namu ne, yana cikin alarm.c. A Makefile an rubuta `CFLAGS = -std=c99 -O2`. Shi kuma GCC, wato kompailan da ke haɗa kod ɗin, `gcc --version` ya ce 14.2.

Mai shagon yana ta kiran Oga, Oga yana ta kirana. Ta ina zan fara?

abokin_tafiya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Wannan ba wani abu ba ne, sabon GCC ne ya cika tsanani. Ƙara `-fpermissive` a CFLAGS ɗinka, kurakuran za su koma gargaɗi kamar da, ka haɗa abinka ka kai wa mutumin. Kod ɗin da ya yi shekaru yana aiki ai ba yau zai lalace ba.

maisola_kurna ya amsa:

Na gode ɗan'uwa. Ya haɗu kam, amma ina tayar da shi sai ya rubuta layi ɗaya ya mutu da `Segmentation fault`. A tsohon Pi bai taɓa yin haka ba.

tsohon_injiniya ya amsa:

Abokin tafiya, kada ka ji haushina, amma shawararka ce ta kai yaron nan ga Segmentation fault. Gara ma da ya mutu a kan teburinsa, da a ce a shagon mutane ne da tsakar dare. Mai sola, cire `-fpermissive` ɗin nan tukuna, sannan ka zauna mu yi magana.

Kod ɗinku bai lalace yau ba. Tun ranar da aka rubuta shi yake da ciwon, injin da yake kai ne ya rufa masa asiri.

A C na da, har zuwa ƙa'idar ANSI ta 1989, idan ka kira fankshin da kompaila bai taɓa jin sunansa ba, ba ya tsayar da kai. Sai ya yi cinke: ya ɗauka `int` yake dawowa da shi, abin da ka miƙa masa kuma ba ya dubawa, ko guda nawa ne, ko wane iri ne. A zamanin da Dennis Ritchie ya ƙirƙiro harshen a Bell Labs a kan PDP-11, `int` da fointa, wato mai riƙe adireshin memori, girmansu ɗaya, bit 16 kowanne, saboda haka cinken yakan faɗa daidai. Da aka koma injina masu bit 32, nan ma girmansu ɗaya. Ƙa'idar C99 ta soke wannan cinken gaba ɗaya, amma GCC ya ci gaba da yi yana gargaɗi kawai, wajen shekara ashirin da biyar, don kada tsofaffin manhajoji su watse. Apple suka fara mai da shi kuskure a Xcode 12 a 2020, kompailan Clang 16 ya biyo baya a 2023, sai GCC 14 a watan Mayun 2024. Buster ɗinku GCC 8 ne a cikinsa. Na tabbata duk layukan nan ya nuna wa wanda ya rubuta kod ɗin, da `warning` a maimakon `error`, shi kuwa ya ga fayil ya fito ya yi gaba.

Yanzu dubi abin da ya kashe maka shi. `strdup` yana kwafe rubutu zuwa sabon wuri a memori, ya dawo maka da adireshin wurin. A Pi 4 mai bit 64 adireshin yana dawowa a rajistar x0, wani ɗan ma'aji a cikin furosesa, bit 64 cif. Amma kompaila ya riga ya ɗauka `int` ne, don haka rabin ƙasa kawai yake karantawa, wato w0, sannan ya shimfiɗa alamar lambar ya cike rabin saman. A ce `strdup` ya ba ka 0x55a1c8e2a0. Bit 32 na ƙasa su ne 0xa1c8e2a0. Bit ɗin farko a cikinsu ɗaya ne, don haka a matsayin `int` lamba ce ta ƙasa da sifili, sai a cike sama da f, ka tashi da 0xffffffffa1c8e2a0. Kamar a ba ka lambar waya ne, ka rubuta shida na ƙarshe, sauran ka cike da ka, ka ce sai ta shiga. Manhajarka ba ta da hurumi a wannan adireshin, kanel, wato zuciyar Linux, ya harbe ta. A tsohon Pi kuwa Raspbian mai bit 32 ne, r0 ɗaya ce take ɗaukar `int` take ɗaukar fointa, babu abin da ake yankewa. Layi na biyu a kurakuranka, mai cewa an yi fointa daga `int`, wannan maganar yake faɗa maka tun kafin ka tayar da shi.

Sai tambayarka ta gaskiya: ga `<string.h>` nan, me ya sa bai ga `strdup` ba? Laifin `-std=c99` ne. `strdup` ba ya cikin C99, na POSIX ne, wato ƙa'idar tsarukan Unix, sai a C23 ya shiga ƙa'idar C. `usleep` da `cfmakeraw` daga BSD, wani reshen Unix, suka fito. Idan ka ce wa GCC `-std=c99`, ka ce masa ke nan tsantsar C kake so ba gauraye, sai ya kafa `__STRICT_ANSI__`. Shi kuma glibc, wato laburaren C na Linux, da ya ga wannan, sai ya rufe da yawa daga sunayen da ba na tsantsar C ba a cikin hedojinsa, wato fayilolin `.h`. Gabatarwar `strdup` tana nan a fayil ɗin, a bayan wani `#if` ne da bai buɗe ba. Amma fankshin ɗin kansa yana cikin laburare, shi ya sa linka, mai haɗa fayilolinka da laburare, ya same shi ba gardama, kuma shi ya sa abin yake haɗuwa a da.

Kada ka yarda da ni haka kawai, gwada:

```
gcc -std=c99 -E logger.c | grep strdup
gcc -std=gnu99 -E logger.c | grep strdup
```

Na farko wurin da kuka kira shi kawai zai nuna maka. Na biyu zai ƙara da layin `extern char *strdup`.

Gyaran iri biyu ne. Ko ka mai da `-std=c99` ya zama `-std=gnu99` ko `-std=gnu17`, ko ka bar shi ka ƙara `-D_DEFAULT_SOURCE` a CFLAGS. Kowanne zai buɗe maka duka ukun. Ni na biyun nake so, domin duk wanda ya buɗe Makefile ɗin bayanka zai ga cewa da sani aka nemi sunayen nan. In a cikin fayil kake son sa shi, to `#define _DEFAULT_SOURCE` ya zama layin farko, sama da kowane `#include`. Ko `<stdio.h>` kaɗai ya riga shi, an gama yanke hukunci, sa shi a ƙasa ba ya komai. Wannan kaɗai ya cinye wa mutane da yawa yini guda.

Akwai rami ɗaya da za ka iya faɗawa idan ka je bincike a intanet. Za ka ga ana cewa a sa `_POSIX_C_SOURCE` ya zama `200809L`. Wannan zai ba ka `strdup` lafiya lau, amma `usleep` da `cfmakeraw` za su ci gaba da kuka, ka rasa dalili. `cfmakeraw` ba ya cikin abin da wannan lambar take buɗewa, shi kuma `usleep` POSIX ta 2008 ɗin ce ma ta cire shi. Magajinsa `nanosleep` ne a `<time.h>`. In kana da lokaci wata rana ka sauya, amma ba shi ne gaggawa ba.

Ba sai ka haddace wane suna ke son wace lamba ba. Sa `manpages-dev` da apt, ka buga `man strdup`. Ƙasa kaɗan da sunan heda akwai sashen da ke faɗa maka abin da glibc yake so a kafa kafin ya nuna fankshin ɗin. `man 7 feature_test_macros` kuma ya tattaro su duka. Yaran yanzu sun fi son tambayar waya, alhali amsar tana cikin injin da ke gabansu, ko babu data.

`duba_iyaka` kuwa naku ne, babu lambar da za ta buɗe shi. main.c bai san alarm.c ba, kowane fayil shi kaɗai ake haɗa shi. Yi alarm.h:

```
#ifndef ALARM_H
#define ALARM_H
void duba_iyaka(/* kwafo abin da ke alarm.c daidai */);
#endif
```

Ka sa `#include "alarm.h"` a main.c, ka kuma sa shi a alarm.c ɗin kansa. Na biyun nan ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne mai amfani: ranar da wani ya sauya fankshin ɗin ya manta da heda, kompaila zai kama shi nan take da `conflicting types`. In fankshin ba ya karɓar komai, rubuta `(void)`, kada ka bar baka biyu wayam. Kafin C23, baka wayam na nufin "ban faɗi abin da yake karɓa ba", wato ka dawo da rabin cinken da hannunka.

Abu biyu kuma kada ka yi, ko wa ya ce maka. Kada ka rubuta `char *strdup();` da kanka a saman fayil, na laburare daga hedar laburare ake ɗauko shi. Kuma kada ka sa `(char *)` a gaban kiran don layi na biyu ya yi shiru. An riga an yanke adireshin kafin ya iso wurin, abin da ka yi kawai shi ne ka toshe bakin mai faɗa maka.

Turo mana layin da aka buɗe `duba_iyaka` da shi a alarm.c, da yadda aka kira shi a main.c.

maisola_kurna ya amsa:

Allah ya saka da alheri Baba. Na gwada `grep` ɗin, yadda ka faɗa haka ya fito. Ga layukan:

```
/* alarm.c */
void duba_iyaka(float volt) {
    if (volt < 11.8f) kunna_kararrawa();
}

/* main.c */
float v = karanta_batir(fd);
duba_iyaka(v);
```

`karanta_batir` yana cikin serial.h, shi ya sa bai yi kuka ba.

yar_damagaram ta amsa:

Sannunku. Baba ya gama da maganar fointa, ni wannan `float` ɗin ne ya tsayar da ni. Ƙanena, tambaya ɗaya: ƙararrawar nan ta taɓa yin aiki daidai kuwa a tsohon Pi ɗin? Ina shakka.

Idan aka kira fankshin da ba a gabatar ba, ba abin da yake dawowa da shi kaɗai ake cinka ba. Duk `float` da ka miƙa, kompaila yana ɗaga shi ya zama `double` kafin ya tura. To main.c yana zuba `double` mai bit 64 a rajistar d0. Shi kuma alarm.c an haɗa shi da sanin `float` zai karɓa, sai ya karanta s0. A ARM, s0 rabin ƙasa ne na d0, a mai bit 32 irin na Raspbian da mai bit 64 duka. Wato wannan ciwon tsohon Pi bai rufa masa asiri ba.

Mu lissafa. Batirin 12 da ya cika yana wajen 12.6. A `float` wannan 0x4149999a ne. In aka mai da shi `double`, kusan duk lambar tana komawa rabin sama, bit uku na ƙarshe ne kawai ke gangarowa rabin ƙasa, sauran ashirin da tara sifili ne. Bit ukun ƙarshe na 0x4149999a su ne 010. Rabin ƙasa ya zama 0x40000000, wanda a `float` 2.0 ne daidai. Batir a cike, `duba_iyaka` yana ganin bolt 2. In kuma 12.5 ne, bit ukun sifili ne, yana ganin 0.0.

Tunda bit uku ne, lambobi takwas kacal fankshin ɗin zai iya gani a rayuwarsa. Huɗu alamarsu ta ƙasa da sifili ce, sai sifili, sai wata 'yar mitsitsiya kusa da sifili, sai 2.0, sai wata ƙatuwa, biyu a ninka shi da kansa sau 65. Ƙatuwar nan ce kaɗai ta haura 11.8. Ke nan a bakwai cikin takwas ƙararrawa za ta kaɗa, ko batir ya cika ko ya mutu, kuma lokacin da take shiru ma ba don batir yana lafiya ba ne.

Kowa zai iya gani a kwamfutarsa, domin a x86-64 ma haka rajistar xmm0 take. Fayil biyu, ɗaya da `void nuna(float x)` mai buga x da `printf`, ɗaya da `main` mai kiran `nuna(12.6f)` ba heda, a haɗa da `-std=gnu89`. Zai buga 2.000000.

Abokin tafiya, ban ce `-fpermissive` ba shi da ranarsa ba. In tsohuwar manhajar wasu ce mai fayil ɗari biyar, kana so ta haɗu ka ga yawan aikin da ke gabanka, to. Amma fayil huɗu ne a nan, kuma firjin allurai ne a ƙarshen wayar.

abokin_tafiya ya amsa:

Na ji, Hajiya, na sallama a kan wannan. Amma ni har yanzu ina ganin GCC sun takura wa mutane. Ka ɗauko tsohon abu daga intanet, `./configure` ya wuce lafiya, ka zo `make` ya watse.

tsohon_injiniya ya amsa:

Wanda ya watse a `make` ai ya yi maka adalci. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne `./configure` ɗin da ya wuce lafiya. Yadda yake aiki, yana rubuta 'yan ƙananan shirye-shiryen C ya haɗa, in ya haɗu ya ce injinka yana da abu kaza, in bai haɗu ba ya ce babu. Tsofaffin gwaje-gwajen da yawa suna kiran `exit` ba tare da `<stdlib.h>` ba. A GCC 14 gwajin zai faɗi saboda wannan, `configure` ya rubuta `no`, ya kashe wani sashe na manhajar shiru, komai ya haɗu ba kuka. Masu haɗa Linux na Fedora da Gentoo sun daɗe suna bin fakiti ɗaya bayan ɗaya suna gyara irin wannan kafin a saki GCC 14. In ka haɗa tsohon abu, buga `grep -n "implicit declaration" config.log` kafin ka yarda da shi.

Hajiya, lissafinki ya yi. Ni a fointa na tsaya.

maisola_kurna ya amsa:

Anti, kin faɗi gaskiya. Na kira yaron shagon, ya ce tun makon da aka haɗa musu abin ƙararrawar take ta ihu dare da rana, mai shagon ya gaji ya sa aka cire wayarta. Su duk a zatonsu inbatar ce mai matsala. Fayil ɗin da ake rubutawa kuwa lambobinsa daidai ne, tunda shi bai bi ta `duba_iyaka` ba, shi ya sa babu wanda ya zargi kod ɗin.

Na cire `-fpermissive`, na sa `-D_DEFAULT_SOURCE`, na yi alarm.h na sa shi a fayil biyun. Kurakuran nan biyar duk sun tafi, Segmentation fault ma ya tafi. Na sa masa 12.6 da hannu ya yi shiru, na sa 11.5 ya kaɗa.

Saura abu ɗaya. Na ƙara `lroundf` don in daidaita lambar kafin a rubuta ta, na sa `<math.h>` kuma. Yanzu yana cewa `undefined reference to 'lroundf'`. Shi ma `_DEFAULT_SOURCE` ne?

tsohon_injiniya ya amsa:

A'a, wannan ba kompaila ba ne yake magana, linka ne. Duba farkon layin, za ka ga `ld`. Kompaila ya ga gabatarwar a `<math.h>` ya gamsu, linka ne ya nemi jikin fankshin ɗin bai samu ba, domin glibc ya ware kayan lissafi a libm. Ƙara `-lm`, kuma a ƙarshen layi, bayan fayilolin `.o`, saboda linka daga hagu zuwa dama yake bi. A Makefile ka sa shi a `LDLIBS`, ba a `CFLAGS` ba.

Tunda ka buɗe Makefile ɗin, mai da layin haka:

```
CFLAGS = -std=c99 -D_DEFAULT_SOURCE -O2 -Wall -Wextra -Wmissing-prototypes -Wstrict-prototypes
LDLIBS = -lm
```

Buga `make clean` kafin `make`, don kada wani tsohon `.o` ya maƙale. `-Wmissing-prototypes` zai nuna maka duk fankshin da ba shi da heda kuma ba a sa masa `static` ba. Wanda ake kira daga wani fayil ka kai shi heda, wanda ba a kira daga waje ka sa masa `static`. Ina zargin `kunna_kararrawa` zai fito a ciki. In ka je shagon ka tafi da mita, ka gwada abin da take nunawa a kan batir da abin da manhajar ke rubutawa, sannan ka mayar da wayar ƙararrawar.